Kabarin da aka tone a Misisipi, da waɗanda aka ce su yi haƙuri

A shekarar 1948 marubucin nan na ƙasar Amurka, William Faulkner, ya fitar da littafinshi mai suna Intruder in the Dust, wanda masu karatun Faransanci suka sani da sunan L'Intrus. In an dubi ƙirarshi, littafi ne na binciken kisan kai irin waɗanda ake raba dare ana karantawa: an harbe mutum, an kama wanda ake tuhuma, sannan a bi sawu har a gano ainihin mai laifi. To amma wurin da labarin ya wakana, wato ƙauyukan jahar Misisipi ta kudancin Amurka a zamanin wariyar launin fata, shi ya ba shi nauyin da ya wuce na nishaɗi. Faulkner ya gane cutar yankinshi da idon basira. Maganin da ya rubuta mata kuwa, tarihi ya ƙaryata shi tun ba a cika shekara 20 ba.

Tauraron labarin wani dattijo ne baƙar fata, Lucas Beauchamp, manomi mai gonar kanshi a yankin da akasarin baƙaƙen fata ke noman auduga cikin gonakin Turawa ana raba amfani. Shekara da shekaru Turawan gunduma suna cike da shi, domin ba ya rusuna masu, ba ya kiransu da sunan girma yanda aka saba, kuma yakan shigo gari da baƙar kwat da sarƙar agogo, ga tsinken sakace na zinariya a baki. Wata ranar Asabar sai aka iske shi tsaye bisa gawar Vinson Gowrie, ɗan wani babban dangi na talakawan Turawa mazauna tuddai, mutane masu zafin kai. An harbi mamacin ta baya, ga kuma bindiga a jikin Lucas wadda ba a daɗe da harba ta ba. Kafin rana ta faɗi an gama shari'a a bakin jama'a. Abin da ya rage shi ne sanin lokacin da dangin Gowrie za su sauko da man fetur, kuma mutane suka fara taruwa gaban gidan kaso kamar masu jiran wasan kokowa.

Lauyan da Lucas ya kira, Gavin Stevens, mutum ne mai ilimi da ake yi wa kallon mai sassauci. Duk da haka bai tambayi dattijon ko shi ya yi kisan ba. Shawarar da ya kawo ita ce Lucas ya amsa laifi, ko a samu ya tsira da ranshi ya ƙare kwanakinshi a kurkuku. Ganin haka sai Lucas ya juya ga ɗan ƴar'uwar lauyan, Chick Mallison, yaro ɗan shekara 16, ya ce mashi ya je ya tone kabarin Vinson, zai ga ba harsashin bindigarshi ba ne ya kashe shi.

Akwai dalilin da ya sa yaron bai iya ƙi ba. Yana ɗan shekara 12 ya faɗa cikin rafi da sanyin hunturu, Lucas ya kai shi gida, ya busar mashi da tufafi, ya ba shi abinci. Da zai tafi sai ya ciro ƴan tsabar kuɗi zai biya, domin an koya mashi cewa Bature ba ya cin alherin baƙar fata kyauta. Lucas ya ƙi karɓa. Yaron ya zubar da kuɗin ƙasa, dattijon ya sa aka tsince aka mayar mashi. Shekara huɗu yaron na aika kyauta don ya sauke wannan nauyi, Lucas kuwa ya rama mashi da bokitin ruwan zaƙi na takanda, bashi ya koma inda yake. A nan Faulkner ya taɓo jijiyar wariya: tsari ne da ke iya jure ba baƙar fata sadaka, amma ba ya iya jure karɓar karamci daga hannunshi, domin mai masauki da baƙo tsara ne.

Mutum uku suka tafi maƙabarta cikin dare: Chick, da abokinshi baƙar fata Aleck Sander, da wata tsohuwa Baturiya ƴar shekara 70, Eunice Habersham, wadda ta tashi tare da marigayiya matar Lucas. Da suka buɗe akwati sai suka iske gawar wani mutum dabam, Jake Montgomery, mai cinikin katako. Washegari da shugaban ƴan sandan gunduma ya koma, kabarin wayam. Daga baya aka samu gawar Vinson cikin yashi mai haɗiye mutum a ƙarƙashin gada, kuma harsashin da ke jikinshi na wata bindigar Jamus ce da aka san mai ita: Crawford Gowrie, ɗan'uwan mamacin na jini. Crawford na satar katakon da suke haɗin gwiwa a kai, Lucas ya gan shi, sai ya shirya jifan tsuntsu biyu da dutse guda, ya kashe ɗan'uwanshi ya bar gari ya kashe mashi shaida. Duk lokacin da ake wannan bincike tsohuwar nan na zaune bakin ƙofar gidan kaso da kwandon ɗinkinta, kuma taron ƙattai bai iya tsallake ta ba.

Da gaskiya ta fito, taron ya watse, kowa ya tada motarshi ya nufi gida. Ba wanda ya je ya ba Lucas haƙuri. Ba wanda ya nemi man fetur don Crawford. Wannan shi ne asirin farko da littafin ya tona: jama'ar ba kisan Vinson ba ne ya dame su. Sun daɗe suna neman ranar da za su durƙusar da Lucas, mai kisan kuwa ya san haka, shi ya sa ya gina dabararshi bisa halin maƙwabtanshi. A littafin bincike na yau da kullum mai laifi na ɓoye sawunshi ga jama'a. A Misisipin Faulkner jama'a ce maɓoyarshi.

Asiri na biyu ya fi wannan zurfi, kuma sai an koma littafin Go Down, Moses na 1942 ake ganinshi sosai. Lucas jika ne ga Carothers McCaslin, Baturen da ya kafa gandun ya mallaki bayinshi. Cikin tsofaffin littattafan lissafin gandun, inda ake rubuta sayen bayi da alfadarai, wani jikan McCaslin farar fata ya gano cewa kakan nasu ya haifi ɗiya da wata baiwarshi, sannan ya komo ya yi wa ɗiyar tashi ciki, uwar kuwa ta faɗa rafi ta mutu. Ɗan da aka haifa shi ne mahaifin Lucas. Ke nan mutumin da gari ke son ƙonawa don ya ƙi sanin matsayinshi ya fi yawancinsu kusanci da jinin masu ƙasar. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Dokokin Kudu da suka haramta aure tsakanin fari da baƙi, waɗanda Kotun Ƙoli ba ta soke ba sai 1967, suna tsaron wata iyaka ce da iyayen gidan da kansu suka daɗe da tsallakewa cikin dare.

Har nan ba abin da za a ce wa Faulkner sai madalla. Ya san abin da yake faɗi, domin a garinshi na Oksfod aka fasa gidan kaso a 1908 aka kashe wani baƙar fata mai suna Nelse Patton, lokacin marubucin na ɗan shekara 10, kuma wani tsohon ɗan majalisar dattijan Amurka ya fito ya yi alfaharin cewa shi ya jagoranci taron. A 1935 aka sake fitar da Elwood Higginbotham daga gidan kason garin aka rataye shi tun masu yanke hukunci ba su gama shawara ba. Ƙungiyar Equal Justice Initiative ta jahar Alabama ta ƙirga sama da baƙaƙen fata 4000 da aka yi wa irin wannan kisan taron dangi a jahohi 12 na Kudu tsakanin 1877 da 1950, Misisipi ce kan gaba da sama da 600.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne kashi na ƙarshe na littafin. Lauya Stevens, wanda bai ko yarda da Lucas ba tun farko, shi ne aka ba bakin magana, ya yi ta zuba wa yaron huɗuba shafi bayan shafi. Taƙaicen huɗubar shi ne: gaskiya ne an zalunci baƙar fata, kuma wata rana zai samu ƴancinshi, amma Turawan Kudu ne ya wajaba su ba shi da hannunsu, ba da umurnin Arewa ko dokar gwamnatin tarayya ba. Wato dai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Masu kare Faulkner kan ce wannan maganar Stevens ce, ba ta marubucin ba. Sai dai a watan Maris na 1956, bayan Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantu a 1954, Faulkner ya buga wata wasiƙa cikin mujallar Life da sunan kanshi, inda ya roƙi masu fafutukar ƴanci da mutanen Arewa su sassauta, su ba Kudu lokaci. Marubuci baƙar fata James Baldwin ya mayar mashi da martani a wannan shekara, yana mai nuni da cewa an riga an ba Kudu kusan ƙarni guda tun ƙarshen yaƙin basasa a 1865.

Hujjar Stevens ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Doka ba ta wanke zuciya, kuma canjin da aka ɗora wa mutane da ƙarfi yakan haifar da gaba. Amma hujjar ta tsallake tambaya guda: wa ke kwance ƙarƙashin yoyon? Mai ɗakin da ya san wurin yoyo shekara 80, yana kwana a busasshen lungu, ba shi da gaggawar hawa rufi. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wanda taro ke jira da man fetur a ƙofar gidan kaso ba shi da wannan daɗewar.

Shekara 7 bayan fitowar littafin, Misisipi ta rubuta nata labarin, wanda ba ƙage ba. A watan Agusta na 1955 aka ɗauke Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da ya zo hutu daga Shikago, daga gidan dattijon danginshi Mose Wright kusa da ƙauyen Money, bisa zargin ya yi wa matar wani mai kanti rashin kunya. Bayan kwana uku aka tsamo gawarshi daga kogin Tallahatchie, an ɗaura mashi fankar injin gurzar auduga a wuya da wayar ƙaya. Mose Wright ya miƙe cikin kotu ya nuna waɗanda suka ɗauki yaron da yatsa, jaruntar da ta kai ta Lucas ko ta fi. Lauyoyin masu laifi suka ce ai gawar ma ba a tabbatar ta Till ba ce. Masu yanke hukunci 12, dukansu Turawa maza, suka wanke Roy Bryant da J. W. Milam cikin minti 67. A watan Janairu na 1956 mujallar Look ta buga labarin da mutanen biyu suka bayar na yanda suka yi kisan, aka biya su kuɗi, tunda doka ta hana a sake gurfanar da su kan laifi guda. Faulkner ya yi tir da kisan a bainar jama'a, kuma ya kamata a rubuta mashi wannan. Amma babu wani Chick Mallison da ya fito daga cikin Turawan wannan gunduma.

Dalilin haka ba ya cikin zukata kaɗai, yana cikin tsarin hukuma. Ana zaɓo masu yanke hukunci daga cikin waɗanda suka cancanci jefa ƙuri'a. A gundumar Tallahatchie baƙaƙen fata ne suka fi yawa, amma a 1955 ko mutum guda cikinsu ba ya cikin rajistar zaɓe, saboda harajin ƙuri'a, da jarrabawar karatu da magatakarda ke sarrafawa yanda ya so, da tsoron kora daga gona. Wanda ba ya zaɓe ba ya zama cikin masu yanke hukunci, kuma ba shi da ta cewa wajen naɗa shugaban ƴan sandan gunduma, wanda shi ma da ƙuri'a yake hawa. A littafin Faulkner an yi sa'a shugaban ƴan sanda mutumin kirki ne. A gundumar Neshoba cikin Yuni na 1964, mataimakin shugaban ƴan sanda Cecil Price ne da kanshi ya miƙa matasa uku masu aikin rajistar zaɓe, James Chaney da Andrew Goodman da Michael Schwerner, ga ƴan ƙungiyar Ku Klux Klan. Kwana 44 aka yi kafin jami'an tarayya su tono su daga cikin ginin wata madatsar ruwa. Wajen nemansu aka ci karo da gawawwakin wasu baƙaƙen fata da ba a taɓa yin shelar ɓatansu a faɗin ƙasa ba.

Abin da ya sauya Misisipi shi ne ainihin abin da Stevens ya ce a guje mashi. Faulkner ya rasu a watan Yuli na 1962. Ba a yi wata uku ba sai da shugaba Kennedy ya aika dubban sojoji garin Oksfod domin James Meredith, baƙar fata na farko, ya shiga jami'ar jahar. Mutum biyu suka mutu cikin tarzomar, ɗayansu ɗan jaridar Faransa ne, Paul Guihard. Dokar ƴancin jama'a ta 1964 da dokar ƴancin zaɓe ta 1965 suka biyo baya daga Washinton. Kafin dokar zaɓen, baƙaƙen fatan Misisipi da ke cikin rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. Zuwa 1967 sun kusa kashi 60. Daga nan fuskokin masu yanke hukunci suka fara sauyawa, kuma da sauyawarsu aka fara buɗe tsofaffin takardu.

Abin mamaki, buɗewar ta bi hanyar da Faulkner ya hango, wato ta maƙabarta. Medgar Evers, jagoran fafutuka da aka harbe ta baya a ƙofar gidanshi a birnin Jackson cikin Yuni na 1963, an tone kabarinshi a 1991 don sabon bincike. Byron De La Beckwith, wanda aka gurfanar sau biyu a 1964 gaban Turawa zalla ba tare da an cimma hukunci ba, an ɗaure shi rai da rai a 1994, a gaban masu yanke hukunci baƙi da fari. A 2005 aka tone kabarin Emmett Till, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa shi ne, shekara 50 bayan an ce ba a san gawar wa ba ce, amma Bryant da Milam sun riga sun mutu a kan gadonsu. A wannan shekarar kuma aka samu Edgar Ray Killen da laifi kan kisan Neshoba, shekara 41 cif bayan aukuwarshi. Dokar tarayya da ta ayyana kisan taron dangi a matsayin laifi na musamman, mai ɗauke da sunan Till, sai a watan Maris na 2022 aka sa mata hannu, alhali tun 1900 aka fara gabatar da irinta gaban majalisa. Wannan shi ne farashin sannu.

Marubutan da suka zo baya ba su bar wannan gona ba. A littafin Tom Franklin na 2010, Crooked Letter, Crooked Letter, wanda shi ma a ƙauyen Misisipi yake, an juya hoton: wanda gari ya ƙaurace wa sama da shekara 20 bisa zargin ɓatan wata yarinya Bature ne, ɗan sandan ƙauyen kuwa baƙar fata, shi ke riƙe da maganar da za ta wanke shi, ya yi shiru. A ƙarshe ta bayyana cewa ubansu ɗaya. Baƙar fata ya samu kaki da bindigar hukuma, abin da Lucas bai ko yi mafarki ba, amma asirin jini da shirun jama'a suna nan inda Faulkner ya bar su. A wannan fuska Stevens na da rabin gaskiya: doka ba ta kai ga abin da aka binne cikin gidaje ba. Sai dai doka ta hana a ƙone mutum kafin a kai ga tono shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke cikin gidan kaso.

Saboda haka littafin ya cancanci karatu, da sharaɗin mai karatu ya fi sa ido ga abin da mutane suka aikata bisa abin da lauya ya faɗa. Waɗanda suka ceci Lucas, yara biyu da tsohuwa guda, ba su jira zukatan gari su nuna ba, sun ɗauki shebur a daren da aka roƙe su. Ko da aka zo ɗaukar sinimar littafin a Oksfod cikin 1949, Juano Hernández da ya fito a matsayin Lucas bai samu masauki tare da abokan aikinshi Turawa ba, sai a gidan wani baƙar fata na garin, alhali mutanen gari na tururuwar fitowa cikin hoton da ke yabon lamirinsu.

Shi kanshi Lucas ya ba da amsa a shafin ƙarshe, ba tare da huɗuba ba. Ya hau ofishin Stevens ya ce ya zo biya. Lauyan ya ce ba ya karɓar ladan aiki, sai dai dalar Amurka 2 ta abin da ya kashe. Dattijon ya ƙirga kuɗin, wasu da ƙananan tsaba, ya tura su bisa tebur, sannan ya tsaya bai tafi ba, yana jiran a rubuta mashi takardar shaidar biya. Bai yi godiya ba, domin ba ya ganin an yi mashi alfarma. Wanda aka ba ranshi kyauta ana iya karɓe shi ranar da mai kyautar ya sauya ra'ayi. Baƙaƙen fatan Misisipi da suka yi layi gaban ofisoshin rajistar zaɓe bayan 1965, irin wannan takarda suka je karɓa.